Wutsiyar Saƙon Inna

Kuɗin da na tafi ci-rani da su warin gabu suke yi. Ku yi ta dariya, amma wallahi har Abijan in na kwance ƙullin sai na kusa da ni ya waiga. Inna ce ta sayar da gabunta na shekara guda, lawashin albasar da ta daka ta dunƙule ta shanya da hannunta, ta haɗa da jar akuyarta, ta ƙulle kuɗin a tsohon kallabi. Kada ku zaci a hannu ta ba ni. Ni ɗan fari ne, kun kuwa san kunyar iyayenmu. Ba ta kama sunana, ba ta zama inda nake zaune, ba ta kallona sai ta gefen ido, shi ma sai ta ga hankalina yana wani wuri. Bisa turmi ta aje ƙullin, ta juya baya tana gyaran murhu, ta ce da iska, "Wani ya mance kayanai bisa turmi."

Ƙanwata Zalika ce ta raka ni bakin hanyar Dogarawa. Da mota ta tsaya ta ce, "Inna ta ce a ce ma wancan, ruwan shuka." Wato in komo da ruwan farko. Da dalili kuwa. Lokacin idonta na hagu ya fara gani dishi-dishi, ni kuma na yi alkawarin rani ɗaya zan ci, in dawo in kai ta likita da kaina.

Kai Habibu, zuba shayin nan kafin ya huce. Tun ɗazu kake tsokanata, wai mi ya sa ƙato kamar ni, da furfura a ka, ba ni da gemu ko ƙwaya, wanzami kuma duk Juma'a yana gidana. Ka yi haƙuri, za mu zo wurin.

Kwana uku munka yi a hanya. Aikina na farko can suyar kifi ne a rumfar garba, abincin rogon nan da mutanenmu ke sayarwa ko'ina cikin garin. Mu biyar muke kwana ɗaki ɗaya, a gidan wata mata da kowa ke ce wa Tanti. Mace ce mai faɗi, mai murya, in tana faɗa sai ka ce kasuwa ta tashi. Ranar da wani daga cikinmu ya buɗe daddawar da anka aiko mai daga gida, sai ga ta ta toshe hanci da zane.

"Nijeriyen! Wa ya mutu a ɗakin nan?"

Na ce, "Ba kowa, Tanti. Daddawa ce, ta miya."

"To ku fita ku binne ta!"

Ku riƙe Tanti a ranku, za ta sake fitowa.

Wata uku ina suya, hannuna duk tabon mai, sai na gamu da Alhaji Mamman, mutumin Tajaye. Rumfa gare shi a kasuwar Ajame, kayan gida kawai yake sayarwa: gabu, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kilishi, cukwi. Ya fi shekara ashirin a wurin, duk ɗan ƙasarmu da kewar miyar gida ta kama wajensa yake zuwa. To amma ni da na same shi ƙuda yake kora. Wani babban kamfani ne ya fito cikin waya, mai babura da shuɗin akwati a baya. Kana kwance a ɗaki ka taɓa hoton abu, kafin la'asar an ƙwanƙwasa maka ƙofa. Liburezon suke ce wa wannan. Ni ranar da na fara jin kalmar na zaci wata allura ce ta yara. Da farko takalma da wayoyi suke sayarwa, sannan sunka gano kayan miya, sunka zuba kuka a kwalba mai murfin zinariya, sunka rubuta mata Faransanci. Kuka fa, wadda akuya ke ci a bayan gidanku!

Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai da kay yi lakwal, kay yi karatun boko, mi waɗanga mutane ke da shi wanda ba ni da shi?"

Na ce, "Hoto, Alhaji."

"To yi muna hoto."

Haka na bar kifi na zama ma'aikacin waya. Na buɗe mana shafi, na shimfiɗa farar rigar Alhaji ta Juma'a, na jera gabu a kai kamar yadda na ga kamfani na yi, na ɗauka. Jama'a, kun taɓa ganin gabu bisa farin ƙyalle? Kashin jaki sak. Na rubuta Faransancina na aji shida a ƙasa, har da promosiyo, wato rangwame. Mako biyu mutum ɗaya ne ya tanka, shi ma tambaya ya yi ko gawayi ne. Rigar kuma ba ta sake fita ba. Alhaji ya ce, "Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Ga shi mun rasa har riga."

Abin da ya cece mu ba dabarata ba ce. Zalika tana da ƴar waya, duk Juma'a sai ta je gida ta kanga wa Inna a baki, a aiko mini saƙon murya, wokal. In na kira kai tsaye Inna ba ta karɓa, sai ta ce hannunta da ƙullu. Amma wokal tana yi, don ba ni take fuskanta ba, waya take fuskanta. Kuma da yake ba ta iya kama sunana, sai ta ce "mutanen nisa".

Wata rana ina rumfa, kewa ta taso mini, na kunna. Muryarta ta fito, ga lugude a bayanta, ga zakara, ga wani jaki can nesa:

"Salamu alaikum, mutanen nisa. Kun kwana lahiya? Ina gajiya? Ƙaƙa baƙunta? Ƙaƙa ruwan ƙasar mutane? Mu nan lahiya lau muke, sai godiya. Ga mu bisa dakan gabu, albasa ta yi kyau bana. Allah shi tsare ku, shi maido ku gida da mutunci."

Akwai wata mata tsaye tana taya kuɓewa, Hajiya Rabi, mutuniyar Alela, mai gidan abinci. Sai na ga ta saki kuɓewar ta zauna bisa buhu. Ta ce, "Ɗana, maida shi baya." Na maida. Ta share ido da mayafi ta ce, "Haka uwata ke gaisuwa. Ta rasu ina nan. Turo mini abin ga." Kafin ta tashi ta sayi gabu rabin buhu, ba ta ko taya ba.

A nan kaina ya buɗe. Na yanke gaisuwar, minti ɗaya na farko, na ɗora ta bisa hoton gabu a cikin ƙwarya, yadda Allah ya yi shi, na sa a shafinmu. Ban rubuta ko harafi ba, tun da yawancin masu sayen kayanmu ba karatu suke ba. Kafin magariba waya ta yi zafi a hannuna. Mai gadi, mai turin ruwa, mai wankin takalma, matan aure da ba su fita, kowa ya ji "mutanen nisa" sai ya ɗauka da shi ake. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Daga nan munka tara su a zaure guda cikin waya, munka koma ciniki irin na gida. Kiliyan, haka suke kiran mai saye a can, in ya aiko saƙo ba na fara mai da farashi. Sai mun gaisa, na tambayi iyali, na tambayi ƙafar da ya ce tana ciwo wancan mako. Kowane ƙulli Alhaji sai ya yi gyara, ya ƙara cikin hannu guda a sama. Ranar da uban wani daga cikinmu ya rasu a Illela, ba mu sa hoton kaya ba, ta'aziyya munka wuni yi. Kamfani fa? In ka yi mai magana inji ke amsa ka, ko ubanka ne ya mutu sai ya ce ya gode da saƙonka. Sun karya farashi, sun ɗauko wata yarinya ta yi musu talla da Hausar rediyo, mutanenmu sunka yi ta tura wa juna suna dariya. Mu ba mu da babur ko ɗaya. A ƙananan motocin nan da ake ce wa baka nake rataye da jaka, unguwa unguwa, in na kai kaya sai an ba ni ruwa, wani gidan har tuwo. Wata safiya sai ga Tanti ta leƙo ɗakinmu, murya ƙasa-ƙasa, wai a ɗan sam mata gawar nan ta rannan, mijinta ya ci a gidan Hajiya Rabi ya hana ta sakat.

To ga inda na ɓata. Saƙon Inna dogo ne, minti shida, minti bakwai. Ni kuwa minti na farko nake so, na kasuwa. Yana shigowa sai in yanke kan in sa a zaure, in ce sauran na ji anjima. Anjima kuma mutum talatin na jiran amsa. Haka Juma'a ke bin Juma'a. In na tambayi Zalika idon Inna sai ta ce da sauƙi, kun kuwa san mu, ko mutum na kan gargara da sauƙi ne. Sau biyu na aika a kai ta likita, sau biyu anka ce mini ta ce ba ta shiga mota sai mai kai ta ya zo. Na ce rigimar tsufa ce.

Ba wai ban yi kewa ba. Na yi, har tana hana ni cin abinci. Can ruwa ba shi da lokaci, zuba kawai yake, ba wanda ke murna da shi. In ya sauko sai in tuna ƙamshin ƙasarmu ranar ruwan farko, da yadda gari ke fita gona tun da sanyin safiya, kowa da sungumi a kafaɗa, Inna a baya da ƙwaryar iri tana rufe rami da diddige. Duk shekara in anka ce hadari ya fara haɗuwa a gida sai in sami Alhaji.

"Alhaji, zan tahi shuka."

"Ga azumi tahe, wa ka amsa waya? Ni da ko kunna ta ban iya ba?"

"Na yi alkawari."

"Gona gudu take? Aika a yi ma noma. Bayan Salla ka tahi."

Bayan Salla sai Layya, bayan Layya sai kaka, wa ke komawa gida da kaka, lokacin da kowa ke fitowa? Kuma kada in ɗora wa Alhaji duka. Ni ma daɗi nake ji. Yaron da ke suyar kifi jiya, yau in ya shiga unguwa ana cewa ga ɗan Inna. Damina huɗu na yi haka.

Wata Juma'a, saura kwana goma Layya, saƙo ya shigo ina cikin baka, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya da jaka, yaron mota na ta yi mini ihu in matsa. Cikin sauri na tura shi zaure ban yanke ba. Duka ya tafi, kai da wutsiya.

Na saba in na sa gaisuwa waya ta hau kuka. Ranar shiru. Na duba, mutane sun ji, amma ba wanda ya ce a kawo mai ko ƙullin kuka. Can sai ga kiran Hajiya Rabi. Ba ta ko gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Issufu, ka ji saƙon ga har ƙarshe?"

"Na ji farkonai, Hajiya."

"Farkonai! Kai ɗan wace ƙasa ne? Tsohuwa ta taɓa hwaɗin magana a farko? Ba sai an gama gaisuwa, an tashi, an kai bakin ƙohwa, sannan a ce af, na mance? Sauka daga motar ga ka zamna ka ji uwarka."

Na sauka inda ba wurin saukata ba. Na zauna a wani benci gaban shagon mai gyaran taya, rana tsaka, na kunna. Gaisuwa ta wuce. Labarin wake ya wuce, da na wadda ta haihu, da na rijiyar da ta rufta. Sai shiru, har na zaci ya ƙare. Sannan na ji Inna, murya ƙasa:

"Zalika, kin kashe abin?"

"Ban kashe ba, Inna."

"To bar shi." Ta yi ajiyar zuciya. "Ni dai idon dama ma ya bi ɗan'uwanai. Jiya anka nuna mini hoton wani cikin waya, anka ce shi ne. Haske kawai nig gani. In mutum na son a gane shi, to shi yi sauri."

Nan take na koma saƙonnin baya, don duk suna nan, ban goge ko ɗaya ba. Ɗaya bayan ɗaya ina tsallake kai ina jin wutsiya. Ko wanne da tasa. Na shekarar farko ta ce an yi ruwan shuka, ta aje wa wani iri. Na bayansa ta ce idon hagu ya ruhe, amma na dama na nan. Wani ta ce yanzu ba ta gane akuyarta sai ta yi kuka. Wani ta ce gara ta ci ƙyauren ɗakin wani, ta sa an gyara, ko da za a zo. Shekara huɗu tana kirana ta hanyar da kunya ta bar mata, ni kuma ina yanke gaisuwarta ina sayar da kuka da ita. Mai gyaran taya ya zo ya tsaya a kaina, ya tambaye ni ko an yi mini mutuwa. Na ɗauki jakata na kama hanyar rumfa.

Da na koma rumfa na ce wa Alhaji gobe zan tafi. Ya buɗe baki zai ce Layya, sai wayar ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce ta sa murya a zaure, gaban kowa: "Jama'a, ni dai ba ni sayen ko allura wurin Alhaji sai yaron ga ya shiga mota." Sai amsoshi sunka yi ta zubowa, mai gadi, mai turin ruwa, duka bakinsu ɗaya. Wani ya ce ya gwammace ya ci miyar kwalba ta kamfani wata guda. Alhaji ya saurara, ya saurara, sannan ya cire hula ya aje bisa gwiwa. Ya ce, "Ni tawa uwar an binne ta da kwana tara kahin in ji. Tashi ka haɗa kayanka." Tanti ma da ta ji, turmin atamfa ta ba ni, ta ce in kai wa mai muryar.

Kwana ukun komowa sun fi shekara huɗun tsawo. Da hantsi na sauka Dogarawa, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, gari duk ya tafi gona. Na shiga gida na same ta zaune gindin bishiya tana tsintar wake a faifai, da yatsu take tsinta, fuskarta a sama. Na yi sallama. Ta amsa, ta juyo, amma rumbu ta fuskanta, ni ina can gefe. Nan na san na makara. Daga baya na kai ta likita kamar yadda na yi alkawari, lokotoro ya haska, ya ce jijiyar ta riga ta bushe, da an zo da wuri da magani ya riƙe na daman. Zalika kuwa da na ce don mi ba ta faɗa mini ba, kallona ta yi ta ce, "Yaya, ni na zaci kana ji kake shiru."

Amma bari in koma gindin bishiya. Na durƙusa nesa kaɗan, yadda na saba. Sai Inna ta aje faifai ta ce, "Zalika, matso mini da baƙon ga." Matar da rabon hannunta da jikina tun yaye. Ta ɗora tafinta a kaina, warin gabu na tashi daga yatsunta, ta shafo goshi, ta shafo ido, ta shafo kunci. Da ta iso haɓa sai ta tsaya. Can Abijan na tara gemu, baƙi, cikakke, irin na manyan ƴan kasuwa, ina ji da shi ƙwarai. Ta daɗe tana taɓa shi. Sannan ta janye hannu ta ce, ba da ni ba, da Zalika:

"Muryar dai tasa ce. Amma nawa ba shi da gemu."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, ƙato da ni, a tsakar gida.

Cinikin bai mutu ba, kun dai ga buhunan da nake ɗorawa mota duk wata. Daga nan nake amsa waya, Alhaji na ƙulli a can. Na faɗa wa Inna abin da na yi da muryarta, na nemi gafara. Ta ce a bar su su ji, su ma ɗiyan wasu ne. Har yau duk Juma'a tana gaida mutanen nisa, sai dai yanzu ni ke riƙe mata wayar, kuma ba na kashewa sai ta ce in kashe.

Na san gero na shiga rumbu rabinku za ku kama hanya, ba kuma zan hana ku ba. Ku tafi, ku nema, ku yi ciniki da waya in kun iya, manya ba su fi ku komi ba sai babura. Amma in tsohuwa ta aiko murya, ku sami wuri ku zauna, ku ji ta har inda ta ce af, na mance.

Kai kuma Habibu, ga amsarka. Ranar da na iso, kafin azahar na aika a kira wanzami. Duk Juma'a in ya gama, sai in je in durƙusa in gaishe ta, ita kuma ta miƙo hannu kamar tana laluben faifanta, ta shafa haɓata sau ɗaya, ta ce wa Zalika wancan ya rame, a ƙara mai hura. Fuskata da ta gani ta ƙarshe ke nan, marar gemu, ranar da na ɗauki ƙulli bisa turmi. Muddin tana da rai, ita za ta riƙa tararwa.